Turaku Huɗu a Fadamar Auyo

"Matso da jirgin nan, Zarami, na taka shi," in ji Alhaji Baƙo.

Ruwan ya kai masa ƙirji. Ya tuɓe riga ya bari a cikin kwalekwale, daga shi sai wando da hula, yana lalube da ƙafa a cikin laka. Maƙwabcinsa Malam Yohanna yana zaune a tsakiyar jirgin rungume da jakar takardu, haƙoransa sai kaɗawa suke don sanyi, shi da ko yatsa bai tsoma a ruwan ba.

"Me ka taka, Alhaji?" Bitrus safiyo, mai awon ƙasa, ya tambaya.

"Kututturen giyayya. Mahaifina ne ya sare ta ina yaro. Daga nan ka yi gabas tawa ce, yamma kuma ta magadan Ja'afaru."

Bitrus ya duba gabas, ya duba yamma. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, sai ciyawar kacalla da ta fi mutum tsayi.

"Alhaji, ni fa tun da nake aikin nan ban taɓa auna gonar da ban gani ba."

"Ai ni ina ganinta. Miƙo turken."

Zarami mai jirgi ya miƙa masa dogon turken ƙarfe da aka ɗaura wa jan ƙyalle. Dattijo mai shekara sittin da biyu ya rungume shi, ya dinga danna shi cikin laka har ya tsaya da kansa.

Shekara goma sha huɗu ke nan Malam Yohanna yana koyar da Turanci a Haɗeja, tun da ya baro Kagoro, kuma duk tsawon lokacin katanga ɗaya ce tsakaninsa da Alhaji Baƙo mai banda. Ya tarar da shi yana loda kyafaffen kifi mota guda duk mako zuwa Kudu. A kan idonsa kogin ya canza hali, kifi ya ja baya, mota ta koma ta wata-wata. Amma ba kifi ne ke hana Alhaji sukuni ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Abdulwahid, wanda ya tafi karatu Turai a 1982. Ya gama, ya yi aure, ya buɗe ɗan shagon kayan fata, sai dai takardunsa na zama ba su taɓa daidaita ba. In ya fito, ba zai koma ba, ga mata ga ɗa a can. Uban ya nemi bizar ziyara sau biyu, sau biyu aka maido masa da fasfo. Shekara goma sha biyu uba da ɗa suna gaisawa a takarda.

A watan Oktoba na 1994 wasiƙa ta zo. Abdulwahid ya ce akwai ƙofa: idan Baba ya nemi shiga a matsayin ɗan kasuwa mai zuba jari a shagon, za a ba shi izinin zama, shi ma ɗan ya samu gindin zama a ƙarƙashin kasuwancin. Amma daga sabuwar shekara za a tsaurara sharuɗɗa yadda irinsu ba za su ƙara kai wa ba. Dole takardu su shiga ofishin jakadanci a Legas kafin Juma'ar ƙarshe ta Disamba.

Malam Yohanna ne ya karanta wasiƙar, shi ya cike fom da keken rubutun makaranta. Fasfo ya samu, hotuna sun samu, takardar banki da ta gida sun samu. Likita ya ƙwanƙwasa ƙirjin Alhaji ya rubuta cewa lafiyarsa ƙalau. Layi ɗaya ne ya tsaya musu a wuya: duk kadarar da mutum ya ce tasa ce, sai ya haɗo da taswirar safiyo. Idan kuwa aka cire fadamar Auyo, eka talatin ta shinkafa, dukiyar Alhaji ba ta kai mizanin da aka yanka ba. Fadama kuwa ba ta da takarda, ba ta taɓa buƙatar takarda ba.

"Duk Auyo an san tawa ce," in ji Alhaji a ranar. "In shaidu suke so, in cika bas da dattawa mu tafi Legas."

"Ba sa karɓar dattawa, Alhaji. Takarda suke karɓa. Kuma mutanen nan komai sai sun bincika, kada ka yarda ka faɗa musu abin da ba haka yake ba."

Da shekara ce irin ta kullum, kafin Nuwamba ya ƙare ruwa ya janye, an yanke shinkafa, kowa na ganin iyakarsa. A bana damina ta yi ƙarfi, aka saki ruwa daga dam can sama, kacalla ta toshe hanyoyin da zai wuce, sai ya samu wuri ya zauna. Aka jira mako ɗaya, aka jira uku. Malam Yohanna ne, da bakinsa, ya ce akwai wani safiyo a cocinsu.

A ranar awon, sai da rana ta karkata suka kafa turke na huɗu. Bitrus ya hau wani ɗan tudu da na'urarsa mai ƙafa uku yana leƙen jajayen ƙyallaye, yana rubutu yana gunaguni. Da suka jawo Alhaji cikin jirgi, leɓɓansa sun yi toka-toka, kuma takalmin robarsa na ƙafar hagu babu.

"Laka ta riƙe," ya ce yana dariya. "Ku bar mata. Ai a Legas sabo zan saya."

Kwana biyu bayan haka Malam Yohanna ya fara jin tarin Alhaji ta katanga. Tari ne mai zurfi, irin wanda yake sa mai saurare ma ya dafe ƙirji. Ya zagaya ya tarar da Alhaji kwance a zaure a kan tabarma, an lulluɓe shi da bargo, matarsa Iya 'Yar'azumi tana tsaye a ƙofar ciki da kwanon kunu.

"Malam, ka yi masa magana," ta ce. "Ni ya maida ni rediyo."

"Alhaji, tashi mu je asibiti. Ga babur ɗina a waje."

"Wace takarda ce a jakarka, wadda likita ya sa wa hannu?"

"Ta lafiya."

"Me ta ce?"

"Ta ce lafiyarka ƙalau."

"To in na je na kwanta, suka rubuta wata, wacce Turawan za su yarda da ita?"

"Ina za su sani, Alhaji? Legas ina, Haɗeja ina?"

"Kai ka ce komai sai sun bincika. In suka tambaye ni ko na kwanta asibiti, in yi musu ƙarya?" Ya yi tari har ya dunƙule. "Mura ce. A bar ni in miƙa takardun nan, in na dawo ku kai ni duk inda kuka ga dama."

Malam Yohanna ya miƙe. Maganarsa ce aka maido masa, ba ragi ba ƙari. Ya je kemis ya sayo ƙwayoyi, matarsa Rifkatu ta dafa citta da kanumfari ta miƙa ta kan katanga. Liman ya zo ya yi magana, ƙanin Iya ya zo daga Birniwa ya yi tasa. Alhaji ya saurari kowa da ladabi, ya gode wa kowa, bai motsa daga tabarmar ba. Tambayarsa ɗaya ce kullum: Bitrus ya dawo? Bitrus kuwa ya gama zane, ya tafi da shi neman hatimi, ya ce sai abin da hali ya yi.

A shekarar nan Malam Yohanna bai je Kagoro Kirsimeti ba. Ya ce wa Rifkatu hanya ba kyau, ita kuma ba ta ja maganar ba, don ta san ba hanya ba ce. Tsoro yake ji, da kunyar cewa shi ya kawo maganar safiyon, kuma ya kasa gaya wa kowa.

Ran Talata, ashirin da bakwai ga wata, ya shiga zauren bayan azahar. Sabuwar rigar da Alhaji ya ɗinka don tafiya Legas tana rataye a ƙusa, an goge ta. Takalmin roba ƙwaya ɗaya yana bakin ƙofa, ba wanda ya yi tunanin jefar da shi. Alhaji ya rame, numfashinsa yana fita da ƙyar, amma idonsa tar.

"Zauna, Malam. Yi mini tambayoyin nan."

Tun Nuwamba suke wannan gwaji. Malam Yohanna ya zama Baturen ofishin jakadanci, Alhaji ya ba da amsar da suka shirya.

"Bari sai ka ji sauƙi."

"Yi dai."

Malam Yohanna ya gyara zama. "Sunanka?"

"Baƙo Haruna."

"Sana'arka?"

"Fataucin kifi da noman shinkafa."

"Me ya sa kake son zuwa ƙasarmu?"

Amsar da suka haddace ita ce zai zuba jari a cinikin fata, ya ɗauki ma'aikata biyu. Alhaji ya kalli rufin zauren.

"In ga yarona," ya ce. "Ko gemu bai fara ba ya tafi."

"Ba haka muka shirya ba, Alhaji."

"Na sani. Amma kai ka ce kada in faɗa musu abin da ba haka yake ba."

Malam Yohanna ya tashi ya fita, don kada a ga fuskarsa. Yana tsaye a tsakar gidansa ana kiran la'asar, ba a daɗe da idar da salla ba ya ji muryar Iya ta katanga tana salati, a hankali, tana maimaitawa. Rifkatu ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ɗauki mayafi.

Kafin magariba aka kai shi. Malam Yohanna ya bi jama'a har maƙabarta, ya tsaya daga baya ya cire hularsa ya riƙe.

Washegari da hantsi ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, sai ga babur. Bitrus ne, da doguwar takarda a naɗe a bayansa, yana murmushi tun daga kan kwana. Da ya ga tabarmi da mutane, ya kashe babur ɗin tun bai iso ba, ya turo shi da hannu. Taswira ta samu, da hatimi da komai. Ran Laraba ce. Da mutum zai kama motar Kano a ranar, da ya isa Legas ran Alhamis, da sauran kwana guda a hannunsa.

Sai da Malam Yohanna ya je Kano ya samu waya. Layin yana ta ƙara, muryar Abdulwahid tana zuwa tana ɗaukewa. Da ya ji labarin rasuwar, Abdulwahid ya tambaya ko Baba ya sha wahala, ya tambaya wa ke tare da Iya. Bai ce zai zo ba, Malam Yohanna ma bai tambaye shi ba.

A ƙarshen Janairu ruwa ya janye. Iya ta aiko a gaya wa Malam cewa tunda an fara, a ƙarasa, gonar ɗanta ce yanzu. Suka tafi shi da Bitrus a kan babur da duwatsun siminti a buhu, don a maye gurbin turakun ƙarfe. Inda suka bi da jirgi, yanzu da ƙafa suka taka. Fadamar ta bushe ta tsattsage, tsohuwar kunyar iyaka ta fito fili, ko makaho ya bi ta.

Turken farko yana jingine da kututturen giyayya, ko tafin hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Na biyu da na uku suna kan kunya daidai. Bitrus ya ciro awonsa ya duba, ya maida aljihu.

A gindin na huɗu Malam Yohanna ya tsaya. Jan ƙyallen ya koɗe. Ƙasa da shi kaɗan, busasshiyar laka ta riƙe takalmin roba na ƙafar hagu, dunduniyarsa kawai ta leƙo. Ya tsuguna ya ja, bai fito ba. Ya ciro makullin babur daga aljihu, ya fara tone gefensa a hankali.