Ƙullin da Ke Kafaɗar Inna

Shekara da shekaru Inna tana kan keken ɗinki, wuya a sunkuye, kafaɗar dama a ɗage kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Ba mamaki da ciwo ya samu wurin zama a can. Yakan fara daga saman kafaɗa, ya haura wuya, ya laɓe a bayan kunne, daga nan sai ciwon kai mai sa ta ga kafar allura biyu-biyu.

Da can abin bai dame ta ba, don tana da Auta, 'yarta ta ƙarshe, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a asibiti. Idan Auta ta dawo daga aiki, ko jaka ba ta ajiyewa sai ta tsaya a bayan kujerar uwar, ta yi ta lalube da babban yatsa har ta samo wani ɗan ƙulli mai tauri kamar tsakuwa a cikin tsoka.

"Ga ɓarawon nan," in ji ta. "Inna, ja numfashi."

Sai ta danna, ta riƙe. Inna ta yi ta salati tana cewa ta haifi 'ya don ta kashe ta. Can sai ƙullin ya saki, kai ya yi wasai. A tsayen nan Auta kan ba ta labarin marasa lafiya, da wanda ya yi kuka, da wanda ya yi mata tayin aure yana kwance rub da ciki.

Da aka ba Auta aiki a wata ƙasa mai nisa, Inna ce ta fi kowa cewa ta tafi, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Auta ta bar mata ƙwallon tanis, ta nuna mata yadda za ta sa shi tsakanin kafaɗa da bango ta jingina. Inna ta jefa shi cikin aljihun keke, wurin maɓallai.

"Ni da girmana in tsaya ina goga baya a bango kamar akuya?"

Ciwon ya dawo a hankali. Duk sanda Auta ta kira, Inna sai ta ce lafiya lau. Ɗakin Auta kuwa kullum sai ta share shi, ta kaɗe gado, ta daɗe tsaye tana kallon takalman aikin da yarinyar ta bari a bakin ƙofa.

Wata rana almakashi ya suɓuce mata a tsakiyar yankan yadin wata amarya, ya yi gefe da shi. Baba, mijinta, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi, yana zaune yana gyaran rediyo. Da ya ga haka sai ya ajiye rediyon. Ya fita waje ya kai wa Auta tsegumi ta waya.

Washegari da hantsi Auta ta kira ta bidiyo, tana lokacin hutun aiki, sanye da farar riga. Aka jingina wayar da gwangwanin maɓallai a kan keke.

"Inna, ashe haka za mu yi da ke? Baba, zo ka tsaya a bayanta."

"Wa? Shi?" Inna ta zaro ido. "Hannun da ya saba da kwance taya? Ai gara ciwon."

"Taya ba ta taɓa kai ƙarata ba," in ji Baba, yana naɗe hannun riga.

Auta ta yi ta ba shi umarni. Ya fara daga gindin wuya, ya gangaro tsakiyar kafaɗa, kada ya taɓa ƙashi, kada ya murza, ya dai lalubi wurin da ya fi tauri. Baba ya sa yatsa, Inna ta daka tsalle.

"Malam, kafaɗa ce, ba birki ba!"

"Rage ƙarfi, Baba. Ɗan matsa baya. Inna, idan ya taɓa wurin za ki ji zafin ya harba har bayan kunne. Ki gaya mini."

Yatsan ya matsa, mai kaushi. Sai ga shi, zafin ya tashi ya bi tsohuwar hanyarsa.

"Nan ne," ta ce a hankali.

"To riƙe, Baba, kada ka saki. Inna, ja numfashi."

Muryar ce dai, irin ta kullum, amma daga gaba take fitowa, daga wani abu da bai kai tafin hannu ba, maimakon ta sauko daga saman kanta tare da ƙanshin sabulun asibiti. Inna ta ja numfashi, hawaye suka zubo.

"Na yi ƙarfi ne?" Baba ya tambaya a tsorace.

"Zafi ne kawai," in ji ta. Auta ta kawar da fuska daga wayar kamar wani ya kira ta.

Tun daga ranar Auta take kira kullum da hantsi don ta duba aikin ɗalibinta. Baba ya ƙware, har ya fara yi wa maƙwabta tayin tausa. Kafin wani lokaci kafaɗa ta sauka, ciwon kai ya ɗauke. Amma da wayar ta yi ƙara sai Inna ta dafe wuya ta ɓata fuska.

"Yau ma ya ɗan motsa."

Baba ya lalube kafaɗar sama da ƙasa bai samu komai ba, ya buɗe baki zai yi magana, ta taka masa ƙafa. Bayan an kashe waya ya ce, "Innar yara, ki gaya mata kewarta kike yi mana. Ai ba abin kunya ba ne."

"In ɗaga mata hankali tana can ita kaɗai?"

Sai da ta kwana biyu tana juya maganar. Ranar da ta yanke shawara, ta kori Baba ya je ya sayo zare, ta ɗauki wayar da kanta.

"Auta, kafaɗar nan fa ta warke."

Auta ta yi dariya, idonta ya ciko. "Na sani, Inna. Tun ranar da na ga kin miƙa hannu kin sauko da yadi daga saman kabad. Na yi shiru ne kada ki ce in daina kira."

"Yaushe za ki zo?"

"Na nemi hutu, sun ce ba yanzu ba. Ma'aikata sun yi ƙaranci."

Inna ta gyaɗa kai. Ta matso da wayar dab da fuskarta, ta ƙare wa yarinyar kallo: ta rame a wuya, kitson kanta ya tsufa, kuma ga alama babu mai yi mata wani.

"Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci. Inna, ana nemana, an kawo wani mara lafiya. Gobe war haka."

Fuskar ta ɓace. Inna ta zauna da wayar a cinya, har Baba ya dawo da zare, ba ma kalar da ta aike shi ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta karɓa, ta ce ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.