Tabarmar Shanya

Ana loda katifa a bayan mota, Mai Ƙwaya yana zaune a bakin ƙofa yana kallo kamar kayan wani ake kwashewa. Tun da aka binne matarsa haka yake. Babban ɗansa ya ce yau zai tafi da shi birni, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Baba, me za ka zauna yi?" in ji ɗan. "Itatuwan tudu sun tsufa, babu ƙarami ko ɗaya. Ku kuka kakkaɓe su, kuka share ƙasa tas."

Gaskiya ce. Tun yana saurayi sana'arsa ke nan. Ya kaɗo 'ya'yan da gora, ya shanya, ya kai kasuwa. Ko ƙwaya ɗaya ba ya bari.

"Buhun ƙwayar da ke rumfa fa?" in ji surukarsa, matar ɗan. "Ko ɓeraye za a bar wa gado?"

Ya tashi ya je da kansa. Ga buhu, ga tabarmar shanya a naɗe, ga danƙonsa na harbin tsuntsu a jikin ƙusa. A kan tabarmar nan suka yi ta faɗa da marigayiya matarsa. Shi ya rufe ta da raga, ita ta ɗage kusurwa ɗaya. Tsuntsaye su ɗauki ƙwaya, su je gindin katanga su binne, su manta.

"Uwar ɓarayi," yakan ce mata.

"Kai ma ai ba kai ka shuka ba," takan ce.

Duk shekara yana nome gindin katangar ƙal. Bana jinya ta hana. Da ya duba, sai ga ganyen da ya sani a cikin ciyawa, ƙananan tsiro a jere, tsawon tafin hannu. Ashe su yake sarewa kowace damina.

Ya tsuguna ya taɓa ɗaya. Bai ji komai ba. Ƙasar dai ta bushe.

Direba ya danna hon. Ɗan ya leƙo, ya tarar uban ya shimfiɗa tabarma yana zazzage buhu a kai.

"Baba, rana tana yi fa."

"A sauke katifar. Bokiti ma."

Ya koma inuwa ya zauna, bai ɗauko raga ba. Wani tsuntsu ya sauka a kan katanga, ya daɗe yana kallon hannun tsohon.