Takarda daga Ofishin Shugaba

Shekara uku na yi ina shugabancin ƙungiyar telolin layinmu, kuma babban abin da na ƙware a kai shi ne daina cewa "ni". Sakataren ƙungiya ne ya koya mini, wani mai tabarau da ya fi ƙaunar biro a kan almakashi. Ranar da aka miƙa mini makulli ya zaunar da ni.

"Ranka ya daɗe, daga yau ba kai ke magana ba. Ba ka ji a rediyo? Sai a ce fadar shugaban ƙasa ta ce kaza, alhali gini ba ya magana. To mu ma haka, Ofishin Shugaba ne ya ce."

Ofishin nan fa wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon mai zare, da tebur mai gurguwar ƙafa da fanka mai kuka. Amma kalmar ta yi mini daɗi. In na ba mutum abu, ni na ba shi. In na hana shi, ai ofis ne.

Ana nan sai hukumar kasuwa ta ce a buɗe hanya, kowace ƙungiya ta kwashe duk rumfar 'ya'yanta da ta fito bakin layi. Ta farko kuwa ta maigidana ce, tsohon da ya koya mini zura zare a allura, wanda na ci tuwon gidansa shekara bakwai. Baba nake ce masa. Da na taka na zauna a bencinsa na yi masa bayani, da na ce ya dawo da keken ɗinkinsa shagona, da shi ke nan. Sai na ji nauyin haɗa ido da shi, na sa sakatare ya buga masa takardar tashi, na sa hannu.

Washegari da hantsi sai ga shi, tef ɗin awo a wuya kamar kullum.

"Salamu alaikum, ofis."

"Haba Baba, shigo mana."

"Wannan takardar, wa ya aiko mini?"

"Ofishin Shugaba ne, Baba."

Ya dubi fanka, ya dubi tebur, sannan ya ƙare mini kallo daga kafaɗa har ƙasa. Na ɗauka harara ce.

"Sa hannun fa? Kamar na san hannun nan."

"Doka ce, Baba. Ofis ne ya yanke."

"To madalla," in ji shi. "Ka gaishe shi."

A ranar ya ɗora kekensa a kura ya kai gida. Kullum sai in ce gobe zan je, goben ta ƙi zuwa. Da na ji ya kwanta rashin lafiya, kun san abin da na yi? Sakatare na tura da wata takardar, wai Ofishin Shugaba na yi masa fatan samun sauƙi. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Saura wata biyu wa'adina ya ƙare Baba ya rasu. A wurin gaisuwa 'yarsa ta kira ni gefe, ta miƙo mini leda.

"Yaya, ga saƙonka. Sati uku yana ɗinkawa, yana yi yana hutawa."

Riga ce ruwan toka, an goge an ninke. A cikin aljihunta na tarar da takardar nan da ta tashe shi daga rumfa. Tela ba ya zubar da takarda, a bayanta yake rubuta awo. Ga rubutun Baba da fensir: kafaɗa, hannu, wuya, tsawo. Rabon da ya sa mini tef ya fi shekara goma, amma har tumbin da kujera ta ƙara mini ya lissafa. Ashe kallon da ya yi mini ran nan awo yake ɗauka.

"Me ya sa bai aiko mini ba?" na tambaye ta.

"Na ce in kai maka, ya hana. Ya ce shi bai san awon ofis ba, na ɗansa ya sani. Wai in ka fito daga ofishin a ba ka."

Da na koma gida na sa rigar. Ta zauna mini daidai, babu inda ke neman gyara.