Sa Hannun Mang Tibo

Editha ta ajiye takardar a kan tebur, Mang Tibo bai ko kalle ta ba. Kofi uku na gahawa ya zubo, alhali su biyu ne a ɗakin.

Ita ce ke riƙe da ofishin ɗan asibitin gwamnati na tsibirinsu, inda matarsa Pining ta cika ranar da iskar numfashi ta ƙare a tukunya. Gwamnatin lardi ta yarda ta ranta wa asibitin peso miliyan biyu a biya shi diyya, amma sai ya sa hannu cewa magana ta mutu. In Juma'a ta wuce, kotu za ta kwashe kayan asibitin har motar marasa lafiya, a garƙame asibitin. Duk ta yi masa wannan bayani a tsanake, kamar ba ita ce ta bar takardar sayen iskar ta yi wata guda a aljihun teburinta ba.

Tsohon ya ce tunda suka yi aure bai taɓa sa hannu a komai ba sai ya tambayi Pining. Ga shi yau kwana talatin da takwas da rasuwarta, kurwarta ba ta bar gidan ba tukuna, sai arba'in ta cika. Ya ɗauki kofi na uku ya shige bayan labule.

Editha ta ji yana magana ƙasa-ƙasa. Ya yi shiru, irin shirun mai sauraro, har da 'yar dariya.

Ya fito da kofin babu komai a ciki.

"Ta yarda, 'yata. Ta ce kada a rufe asibitin, jikarmu na da ciki." Ya sa hannu a hankali. "Abu ɗaya take tambaya. Wai lokacin da numfashin ke yanke mata, wata ta zo bakin ƙofa, ta tsaya, ta juya. Fuska dai ba ta gani ba, sai takalmi kore mai igiya. Ko kin san ta?"

Babu wannan a rahoton binciken mutuwar Pining. Babu wanda Editha ta taɓa faɗa wa.

"Ma'aikatanmu da yawa, Mang Tibo."

"Haka na ce mata."

Ya rako ta bakin tsanin sauka daga gidan, ya tsaya. A gindin tsanin korayen takalmanta masu igiya na nan inda ta tuɓe su. Ta ƙanƙame takardar, ta tsallake su, ta nufi mota ƙafa ba takalmi.