Libar Tayar Baya

Mai gyaran keke ya kifa keken, ya juya feda da hannu. Tayar baya ta karkace, ta gogi ƙarfe, ta tsaya cak.

"Baba, wa ya sa maka wannan liba?"

"'Yata," in ji tsohon, yana rufe gwiwarsa da ta ƙuje.

Tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa shi, hannunsa na dama ya daina juya sifana. Shi kuwa da keken nan yake kai burodi shagunan bayan gari, kuma ko da wasa bai taɓa bari wani ya yi masa faci ba. 'Yar ta ce muddin ba zai iya cire taya ya mayar da kansa ba, to ya haƙura da fita. Da ta ga zaman gida ya sa abinci ma ya gagare shi, sai ta sa aka cire notunan taya, aka sa liba irin wadda ake buɗewa da yatsa. Ranar har dariya ya yi. Yau kuma a kan hawa ya taka feda da ƙarfi, sai ga shi a ƙasa, burodi a kwata.

"Duba nan." Mai gyara ya nuna tsagar da taya ke zama. "Kekunan yanzu tsagarsu ƙasa take kallo, taya ba ta da inda za ta. Taka irin ta da ce, a kwance take. Sarƙa na ja, taya na biyo ta. Sai an danne libar har ta bar shaida a tafin hannu."

Ya daidaita tayar, ya matsa gefe. Tsohon ya danna, ya ƙara dannawa, ya haɗa da hagu, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Libar ta tsaya a rabi. Tausayi ya kama mai gyara, ya sunkuya wai yana neman wani abu a akwati.

"Bari in danne maka, Baba. Ba wanda zai sani."

"In ta yi faci a hanya fa? Za ka biyo ni?"

Tsohon ya buɗe tafinsa ya duba, ko alama babu. Ya kwance 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi, ya zaro sifanar da ta yi sulɓi saboda riƙo, ya ajiye a kan benci.

"Riƙe wannan, ɗana, na bar maka. Ba ta zamewa daga kan noti."

Mai gyara ya miƙar masa da keken. Tsohon ya kama, ya nufi gida a ƙasa yana turawa.