Ramar Malam Mani

Garin Mairuwa ne zai ɗinka wa Afirka buhu. Haka aka rubuta a allon ƙofar masana'anta, da Turanci da Hausa, kuma a gindin allon ne Malam Mani ya yanke jiki ya faɗi ranar Laraba, da damin rama a ka. Maƙwabcinsa Gide ne ya kai shi gida a kan jaki. Ramar kuwa maigadi ya ce a kwashe, tana ɓata wa ƙofa kyau.

Bara ne Dakta Maharazu ya zo daga jami'a da sabon irin rama. Ya jiƙa 'yar kaɗan a baho cikin ɗakin bincikensa, zare ya fito fari sol, aka ɗauki hoto, aka gayyace shi taro har ƙasar waje. Abin da ya rage, in ji shi, ƙaramin aiki ne: a maimaita abin baho a gonaki dubu. Gide ya shuka a gefen gona, don kada a ce ya ƙi. Mani kuwa tun yana yaro yake tukar igiya, bai taɓa jin mai digiri ya yabi rama ba. Ya shuke gonarsa kaf, bai bar wa dawa ko kunya ɗaya ba.

Baho dai bai cin gona guda. Wata biyu Mani yana tsaye a kududdufi, ruwa iya ƙugu, yana saɓe rama, har ruwan ya yi baƙi shanu suka daina sha. A can ya samo tarin da ya kayar da shi. Inji ya iso, aka yanka ƙyalle, ya yi aiki kwana tara. Sai kuɗin fetur suka cika Ikko da jiragen buhunan waje masu araha, aka rufe ƙofa, aka bar maigadi da rediyo. Mani bai yarda ba. Duk Laraba sai ya kai dami, ko an buɗe.

Yana kwance ya tambaya ko manaja ya dawo. Gide ya ce masa yana hutu, ya miƙa masa kunu.

"Wanga na gidanka ne," in ji Mani. "Rumbuna ko ɓera ya yi ƙaura."

"Sha dai, Malam."

"Ka ce wa matarka Larai in an buɗe, buhun farko nata ne."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Ran sadakar uku Dakta ya zo a sabuwar mota. Ya zauna a zaure ya bayyana cewa bincike bai gaza ba, kasuwa ce ta yi nauyin ƙafa, kuma sunan marigayi zai fito a rahoto. Yanzu ma rogo ya sa gaba. Gide na tunanin abin da za a ba baƙo sai ya ji sussuka daga cikin gida. Ya leƙa ta darni. Barakatu, matar Mani, ta sauko da zangarniyar dawar da ta ajiye don shukar baɗi.

"Yaya Barakatu, ai iri ne."

"Baƙon Malam ne," ta ce, ba ta ɗago ba.

Dakta ya ci tuwo ya yaba, ya ce irin wannan ɗanɗano sai ƙauye. Da motar ta tashi, Gide ya mayar da akushi. Ya tarar da ita durƙushe a gindin turmi, tana tsince ƙwayoyin da suka zube ɗaya bayan ɗaya, tana ƙullewa a bakin zane.