Mai a Goshin Manniru

Kwana ashirin da uku ke nan da masu garkuwa da mutane suka sako mijina Manniru, bayan sun tare motarsu a hanyar Abaji, kuma tun ranar bai yi barcin awa guda ba. Da ya rufe ido sai ya zabura. An sha ƙwaya, an yi tofi, duk a banza. Ranar Litinin likita ya ja ni gefe ya ce in makon nan ya ƙare bai yi barci ba, kwantar da shi za a yi. Ni kuwa na san mijina. In aka rufe shi a ɗakin asibiti, ba Mannirun da na sani ne zai dawo mini ba.

Maƙwabciyata Perpetual ce ta ba ni labarin wani gidan tausa na Indiyawa a Wuse, inda ake tsiyaya wa mutum man riɗi mai ɗumi a goshi har hankalinsa ya kwanta. Na ja tsaki. Man da nake miya da shi? Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da hantsi muka isa. Wani ɗan Filato mai suna Obadiah ya karɓe mu, ya ce shekararsa shida yana aikin a hannun Ba'indiyen mai gidan. A ɗakin akwai gadon katako, da wata tasar tagulla mai huji a gindi, an rataye ta daidai kan mai kwanciya.

"Oga, kwanta rigingine," in ji shi. "Minti arba'in ne. Mai ba ya tsayawa, kai ma ba ka motsi."

Manniru ya kwanta. Obadiah ya ɗauko wani farin ƙyalle ya shimfiɗa masa a ido.

Ban ga lokacin da hannun Manniru ya tashi ba. Sai dai na ga ya damƙe wuyan hannun bawan Allah, tasar tana lilo a kansu.

"Cire!" Manniru ya maimaita a hankali. "Cire. Kwana tara idona a ɗaure."

Bai taɓa gaya mini ba. Ashe duk kwanakin nan da nake ce masa ya rufe ido ya huta, daji nake mayar da shi. Kunya da takaici suka kama ni.

"Madam, sori," in ji Obadiah yana murza hannu. "Ba ƙyalle, ba aiki. Akwai magani cikin man, in ya shiga ido wahala ne."

Manniru har ya sauko yana laluben takalmi. Na san in ya fita ƙofar nan, sai asibiti.

"Aikin ƙyallen tare mai ne kawai?" na tambaya.

"Shi ke nan."

"To ina da hannu. Malam, koma ka kwanta. Ba mai rufe maka ido."

Na tsaya ta wajen kansa na sunkuya, na kafa gefen tafukana a saman girarsa.

"Madam, minti arba'in fa. In kin ɗaga, ya shiga."

"Zuba."

Man ya sauko siriri kamar zare, yana kai da kawowa a goshinsa, yana bin yatsuna zuwa cikin gashinsa. Idon Manniru a buɗe tar, ja wur, yana kallona. Bayana ya fara ciwo. Can wani ya buga ƙofar mota a waje, ya zabura, man ya taru a hannuna har ya kusa tsallakewa. Na danne.

"Ni ce, Rumasa'u. Ina nan."

Ban san minti nawa aka yi ba. Kafaɗuna suna ci kamar wuta, gumi yana ɗiga daga haɓata. Na ga fatar idonsa ta sauko rabi, ta koma, ta sake saukowa. Sai na ji wani sauti da na shekara goma sha ɗaya ina masa ƙorafi a kai. Minshari.

Obadiah ya matso ya yi raɗa: "Madam, lokaci ya cika. Ki huta."

Yatsuna sun sage, ba na jin su. Na dubi fuskar mijina, na dubi tasar da ta kusa ƙarewa.

"Ɗumama wani," na ce.